Farantin Ɗakin Sanyi

Da safe Dakta ta buɗe ɗakin sanyi na sashen bincikensu a jami'a, ta tarar babu farantin da ta ajiye. Ba ta yi ihu ba. Ta zauna, ta sa aka kira 'yan sanda.

Aka turo tsohon Sufeto, mutumin da harsashi ya taɓa ratsa cinyarsa ya tashi ya karkaɗe wando. Ko aji ɗaya bai yi ba, amma duk masu takardun da suka raina shi sai da ya raka su makabarta.

"'Yata, me aka ɗauke?"

"Wasu 'yan ƙwayoyi ne a kan faranti, mitsi-mitsi kamar gishiri, Baba. Daga jikin ɓera muka tato sinadarin da ke sarrafa zaren da ke motsa tsoka. Shekaru muna lallaɓa shi kafin ya daskare. Gobe za a haska shi a ga siffarsa."

"Ɓera? Ashe dukiya na riƙa taunawa shekarar yunwa."

Ba ta yi dariya ba.

Sufeto ya bi masu aiki a wurin ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibin Dakta yana asibiti tun shekaranjiya, matarsa na naƙuda. Mai kula da ɓeraye ba ta da mabuɗi.

"Ni dai jiya da la'asar Farfesa kaɗai na gani a baranda, yana goge tabarau da bakin riga. Ko gaisuwata bai amsa ba," in ji mai kula da ɓerayen.

Farfesa shi ne shugaban sashen, kuma baffan Dakta, shi ya riƙe ta tun tana ƙarama.

"Rabona da ɗakin nan tun bara," in ji shi.

"To raka ni, ranka ya daɗe, ƙafata ba ta son sanyi," in ji Sufeto.

Suka shiga, suka jima, suka fito. Nan take tabaraun Farfesa ya yi fari fat da raɓa. Hannunsa ya kai bakin riga, ya tsaya.

"Goge mana," Sufeto ya ce. "Barandar nan ba ƙura ba hayaƙi. Gilashi ba ya yin haka sai ya fito daga sanyi. Me ya kai ka jiya?"

Farfesa ya sauke hannunsa.

"Siffar sinadarin nan da na bayyana wa duniya, wadda ta ba ni kujerar nan, ƙirƙira na yi. Gobe haske zai nuna."

"Ina farantin, Baffa?" Dakta ta tambaya.

"Na wanke shi a famfo."

"Da sabulu?"

"Da sabulu."

Ta gyaɗa kai. Ta sa safar hannu, ta dubi mai kula da ɓerayen.

"Yaya, ɓeraye nawa suka rage mana?"