Tsamiyar Unguwar Majema

Ku da kuke ganin Luƙman a bakin kwalta ba riga kuna cewa Allah sarki, ku adana tausayinku. Ni na san abin da ya aikata.

Dillalin filaye ne a Dogon Dutsi. Shekarar da aka zo awon hanyar jirgin ƙasa, masu awo suka sa tasha dab da Unguwar Majema, yadda talaka zai taka da ƙafa ya hau. Majema suka yi ta guɗa. Luƙman kuwa tuwo ya ƙi wuce masa wuya, don filayensa suna can bayan gari inda ko akuya ba ta zuwa.

Da rana tsaka ya hau babur zuwa wajen wani boka, gaba da Sukukutane. Bukkar duhu dunɗum. Baƙar tukunya a kife, gashin kaji ya manne mata da busasshen jini, ƙudaje sun rufe ta.

"Tasha nika so ta dawo hilina," in ji Luƙman. "Layin ya bi ta kan majema."

"Mutanen fa?"

"Mi ruwana da masu warin fata?"

"Akwai tsamiya tsakar unguwar. Doguwa na ciki, tun kakanninsu suke ba ta nono."

"A sare."

"A sare. Amma kahin gatari, ka tai wurin Inna Rahina mai yi mata hidima. Ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka roƙe ta ta raka doguwar wani mazauni."

"In ban yi ba?"

Boka ya miƙa masa turke jiƙe da jinin baƙin bunsuru, ya ce ya binne a filinsa. "Doguwa dai ba ta zama waje," ya ce.

Wata uku da binne turken, takardun meri, ofishin magajin gari, suka sauya. Aka kwashe majema zuwa wani fako mara rijiya. Ran saran tsamiya, Inna Rahina ta zo da kanta, ƙwaryar nono a hannu.

"Ɗana, ba ni wuni guda in tashe ta."

Kun san amsar wannan munafuki? Ya dubi abokan sahunsa na masallaci, ya shafa gemu, ya ce, "Shirka! Ku kau da tsohuwag ga." Mutumin da ya durƙusa wa tukunya!

Dukiya ta zo, ba ƙarya. Bene, motoci, kowa na rububin filin kusa da tasha. Sai nono ya fara zama jini a gidan. Babban ɗansa Hakim ya faɗi matacce a tsakar gida, bakinsa cike da ganyen tsamiya. Ƙanwar Hakim ta bi shi ran addu'ar bakwai. Matarsa Mas'uda ta miƙe tsaye kwana huɗu, hannuwa a sama, tana tambaya da wata murya da ba tata ba: "Ina za ni zauna?"

A nan ne gogan ya tuna da durƙuso. Ya ruga fakon majema ba takalmi. Suka nuna masa sabon kabari. Zafi da ƙishirwa sun kashe Inna Rahina, kuma ba wanda ya gaji aikinta. Ya dawo ya tarar da Mas'uda ta bushe a tsaye. Jirgin ma bai taɓa zuwa ba.

To, kai mai haɗama da ke zagayen meri da takardar filin wani a aljihu, ka ji. Duk wanda ka raba da mazauninsa, gidanka ya sani, kuma da 'ya'yanka za a fara.