Mai Jegon Atisaye

Bayan isha'i muka taru a ɗan asibitinmu da ke wajen Faskari don atisayen ceton mai jego da jini ya ɓalle wa. Abokiyar aikinmu Sumayya ke kwanciya kamar majinyaciya, mu zuba zoɓo a madadin jini.

Muka tarar an kwanta lulluɓe da mayafi, zanen gado ya jiƙe sharkaf.

"Hafiza, duba bugun jini," in ji Hajiya Mero, mai koyar da mu.

Na kama hannun, na ji shi sanyi ƙarara, babu bugu. Ƙarni ya cika ɗakin.

"Wannan karon ku yi sauri," in ji wata baƙuwar murya daga cikin mayafin.

Sai ga Sumayya a bakin ƙofa tana haki, gorar zoɓon cike a hannunta.