Ranar da Ƙirgau Ya Ga Guragu

Munduwar da ke idon sawun Nafi'u ta yi ƙyas, ta ƙirga taku na dubu tara da ɗari tara da ɗaya. Yaron ya isa bangon ɗaki, ya juyo yana jan ƙafa kamar wanda aka aika dole. Saura kaɗan ya cika dubu goma, allon wasansa ya buɗe, ya koma kujera.

Sunan munduwar Ƙirgau, kuma uwarsa, Injiniya Barira, ita ta ƙera ta. A Birnin Tsauni tituna ke tafiya da mutane, na'ura ke zuwa aike, har yara suka manta da gudu. Shekara tara Barira ta yi tana wannan aiki, kuma ba ta taɓa shakkar kanta ba. Dokar mai sauƙi ce: ba taku, ba allo. Da yara suka fara ɗaura munduwar a jikin injin shara, sai ta gyara ta, ya zama ba ta ƙirga komai sai an taka dama an taka hagu. Wanda munduwar ta ji ƙafarsa ɗaya ta daina taɓa ƙasa, sai ta ɗauka ya ji rauni, nan take ta kira Ɗaukau, wato kujerar asibiti mai ƙafa shida.

Duk da haka hankalin Barira a tashe yake. Likita ya faɗa mata ƙasusuwan Nafi'u ba su yi ƙwari ba, wannan tafiyar hawainiya ba ta ƙara masa komai. Tsalle yake bukata, da gudu, da gumi. In wata uku suka cika bai canja ba, za a ɗaura masa ƙarafan tafiya, kuma wanda ya saba da su ba ya rabuwa da su. Tsoro ya kama ta, amma maganin da ta sani ɗaya ne, ta ƙara masa taku dubu biyu.

Mahaifinta, Baba Gambo, tsohon da ya haura tamanin, dariya kawai yake yi. Kullum yana tsokanar jikansa, wai raggon namiji, ko kaza ba zai iya kamawa ba. Nafi'u kan rama da cewa tsohon da haƙoransa na roba ne ba shi da bakin magana. Barira ba ta kula ba da ta ga sun fara ficewa tare da la'asar.

Ranar wata Laraba tana ofis, ƙararrawa ta ɗauka. Allo ya nuna yara goma sha huɗu sun gurgunce lokaci guda a tsohon filin bayan matatar ruwa, kowanne ƙafa ɗaya. Sunan ɗanta na cikinsu. Kafin ta miƙe, Ɗaukau goma sha huɗu sun riga sun kama hanya. Ta san tsarin sarai, ita ta rubuta shi: yaro mai raunin ƙashi irin Nafi'u, da zarar kujera ta kai shi asibiti, ba a jiran wata uku, ƙarafan za a ɗaura masa.

Ta tsallake titi mai tafiya ta zuba da gudu, abin da ta shekara ashirin ba ta yi ba.

Ƙura ta fara gani, sannan ta ji ihu. Ashe ba ihun ciwo ba ne. Yara ne kowa ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya da hannu, suna tsalle da ɗayar, suna bangazar juna da kafaɗa. Baba Gambo na gefe yana daka musu tsawa yana kaɗa sandarsa.

"Baba, mene ne wannan?"

"Langa mana, yau muka fara. Ke da duk bokonki ba ki san langa ba? Ga ɗanki can, shi ne ruwa. In ya kai gindin kukar can bai saki ƙafa ba, sun ci."

Ta hango shi. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, gwiwarsa ta goge, yana dariyar da rabonta da ji tun yana ɗan shekara biyar. A bayansa kuwa kujerun sun shigo fili sun miƙo hannuwa, suna cewa da murya mai taushi, kwantar da hankalinka, taimako ya iso.

Ba a iya tsayar da Ɗaukau ɗaya ita kaɗai. Barira ce ta hana hakan, don kada yara su yi wayo. Sai dai a kashe Ƙirgau gaba ɗaya, na birnin duka, kuma ta san hukumar birni ba za ta sake yarda a kunna shi ba. Ta dubi ɗan allon da ke wuyan hannunta. Shekara tara. Hannun ƙarfe ya kusa taɓa rigar Nafi'u.

Ta danna.

Kujerun suka ƙame a inda suke. Yaran ko waiwaye ba su yi ba. Nafi'u ya kauce wa wani ƙato, ya yi tsalle uku, ya faɗa gindin kuka yana haki, sauran suka rufe shi da shewa.

Baba Gambo ya leƙa allon hannunta ya tambaye ta taku nawa jikansa ya samu yau. Ta duba lissafin ƙarshe da na'urar ta ajiye kafin ta mutu. Tun daga la'asar, taku sifili ta rubuta wa Nafi'u.