Kwana Shida Tsakanin Gida da Gareji

'Yan sandan Toyohashi sun kama Narahashi Keigo da safiyar Asabar a ƙofar wani shagon awara, yana tsaye yana yi wa direban babbar mota nuni ya ƙara matsowa baya. Ana tuhumarsa da sace motocin mutanen da suka miƙa masa makullai da hannunsu. Wadda ta gano shi ba 'yar sanda ba ce. Sunanta Hagiwara Tomoe, shekararta sittin da ɗaya, ta yi ritaya bayan shekara talatin tana duba motoci kafin a sabunta musu takardu. Mai shagon ƙaninta ne, Shinpei.

Shinpei yana da wata ƙaramar mota mai kujera biyu wadda ya saya da albashinsa na farko, kuma bai taɓa bari ta kwana a waje ba. A intanet ya ga Garejin Tsubakuro, inda ake cire bodin irin wannan mota a ɗora na faiba, wata irin roba mai tauri marar nauyi, ta fito kamar motar tseren zamanin da. Ya riga ya sa hannu za a zo ɗaukarta Asabar. Tomoe ta ce ba ta taɓa jin sunan garejin ba, don haka motar ba ta zuwa ko'ina sai ta gani da idonta.

"Yaya, kin yi ritaya fa," in ji shi. "Ki bar motocin duniya su huta."

"Kai da ka sayi injin niƙa waken da bai taɓa tashi ba? Ɗauko hularka."

Ranar Talata suka je garejin. Narahashi, jami'in ciniki, ya tarbe su da shayi da hotuna. Mai wurin, dattijo Isobe, yana can baya cikin ƙurar faiba yana aikinsa. Tomoe ta nemi sunan wani da aka taɓa yi wa aiki. Narahashi ya ba ta na wata likitar haƙori, Dakta Kariya, ba tare da wata fargaba ba.

Washegari a gidan likitar, Tomoe ta yi abin da hannunta ya saba. Ta manna siririyar takarda a kan lambar da ke jikin shasin motar likitar, wato ƙarfen da mota take zaune a kai, ta goga fensir har lambobin suka fito. Sun yi daidai da na takardun. Amma fensirin ya fito da wani abu da ido ba ya gani: siririn layi da ya kewaye lambar ta kusurwa huɗu. An yanko lambar daga wani wuri, an yi waldarta a nan, an goge, an shafa baƙin fenti. Ta kwanta ta haska tocila cikin ramin ƙarfen, ta ga busasshiyar laka da tsatsa. Wannan shasi ya kwana cikin ambaliya.

Likitar ta ce motarta ko ruwan sama ba ta sani ba. Ta ɗauko tsohon gogen fensir da ke cikin takardunta na shekarun baya. Babu layi. Tomoe ta roƙe ta kada ta sake hawa motar, ta kuma tambaye ta ranar da aka zo ɗauka. Likitar ba ta ko duba ba. Ta ce huɗu ga Afrilu ne, domin ranar taian ce, ranar sa'a a kalanda, kuma Narahashi ne ya ba ta shawarar kada mota ta bar gida sai a irin wannan rana.

Shinpei ya so a wuce ofishin 'yan sanda nan take. Tomoe ta ƙi. Idan aka je da takarda guda, garejin zai ce likitar ta canza shasin a wani wuri, ɓarawon kuma ya ji labari ya share sawu. Mutum uku ne motar ta bi ta hannunsu: Isobe, direban da ya ɗauka, da Narahashi.

Ta fara da Isobe, ranar Alhamis, lokacin da ta tabbatar Narahashi ya fita. Ta ajiye takardun biyu a kan teburinsa.

"Baba, wa ke muku walda?"

"Ba ma walda. Ɗaurin kusoshi muke yi."

"Wa ke cire tsohon bodi?"

"Masu motar. Kowa wajen makanikensa. Shasi da inji kawai ake kawo mini."

"Wa ya gaya maka haka?"

"Narahashi."

Dattijon ya fusata da aka taɓa sunan garejinsa. Ya jawo wani babban littafi ya dire a gabanta. Tun yana saurayi, in ji shi, duk shasin da ya shigo sai ya goga lambarsa a ranar, ya manna, ya rubuta kwanan wata. Tomoe ta buɗe shafin likitar. Layin yana nan, tun ranar da shasin ya shigo. Isobe lambobi kawai yake karantawa, idonsa kuma ya yi rauni. Wanda ya yi aikin ba zai adana shaidar da za ta ɗaure shi ba, balle ya miƙa wa baƙuwa. Ta cire shi daga zargi.

Kwanan watan ne ya tsayar da ita. Goma ga Afrilu. Ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya nuna kalandar bango, ya ce ai ranar taian ce, masu motoci ba sa son kayansu su shiga gareji sai ranar sa'a, haka Narahashi yake gaya masa, shi kuma yana ganin mutuncinsu a kan haka. Shasin motar Shinpei ma, in ji shi, sai Juma'ar makon gobe yake jiransa.

Direban, wani mai suna Bando, ta same shi yana cin taliya a gefen hanya. Bai ɓoye komai ba. Ya ce yakan kai motar wani fili kusa da tashar jiragen ruwa, bayan kwanaki a kira shi ya kwashi shasi zuwa gareji, shi a zatonsa can ake kwance bodi. Ya nuna mata takardar fara aikinsa: bara ya soma. Layin kuwa yana cikin littafin Isobe tun shekara biyu kafin nan. Shi ma ta cire shi.

Ranar Juma'a ta kai wa Sufeto Uzuki takardun da hotunan shafukan littafin. Ya ce za su iya kama mutumin a gareji. Ta ce gara a bar shi ya zo da ƙafarsa, da takardar ɗaukar mota mai sa hannunsa. Shinpei bai so ba, domin motarsa ce za a ajiye a bakin titi a matsayin tarko. Ta riƙe makullin a aljihunta.

Ranar Asabar Narahashi ya iso ƙarfe tara, da kwalin alewa a hannu. Sufeton yana cikin shago kamar mai sayen awara.

"Yau za ta isa gareji?" Tomoe ta tambaya.

"Kafin azahar, ranki ya daɗe."

"Da bodinta?"

"Da komai nata. Mu ne za mu cire."

"To me ya sa Baba Isobe yake jiran shasi tsirara ranar Juma'a mai zuwa?"

Ya ce dattijon ya rikice ne, tsufa. Ta ce zai yiwu, amma Bando ga shi nan, a tambaye shi inda aka ce ya sauke. Direban ya leƙo ta taga ya faɗi sunan filin. Narahashi ya ajiye kwalin a kan bonet. Shinpei ya ɗauke shi ya mayar masa, ya ce fentin bai saba ɗaukar kaya ba.

A ofis Tomoe ta yi wa sufeton bayani a taƙaice. Taian tana zagayowa kusan duk bayan kwana shida. Mai mota ya san an ɗauka ranar sa'a. Isobe ya san an kawo ranar sa'a. Kowannensu ya ɗauka rana guda ake nufi, kuma ba wanda zai tsaya yi wa mutum tambayoyi don ya girmama kalanda. Tafiyar minti arba'in ta zama kwana shida, isassu a yanke lamba, a manna ta a shasin motar da ruwa ya ci, a tura lafiyayyar motar cikin kwantena. Mutum ɗaya ne kawai yake magana da ɓangarorin biyu, kuma shi ne ya zaɓa wa kowa rana.

A filin an samu injin walda, da shasi huɗu masu laka, ɗaya an riga an yanke masa gurbin lamba daidai girman ta Shinpei. Takardar hayar wurin tana ɗauke da sa hannun Narahashi. Ya amsa laifinsa ranar Litinin, amma ya ƙi faɗin wanda ke karɓar kwantenonin.

Shinpei ya mayar da motarsa rumfa da tsohon bodinta. Isobe ya rufe garejin, yana bin gidajen mutane ɗaya bayan ɗaya yana ba su haƙuri.

Shafi goma sha ɗaya ne a littafin ke da layin. 'Yan sanda sun samu masu motoci goma, an ɗauke motocin daga hanya. Ta goma sha ɗayan an sayar da ita sau biyu, mai ita na yanzu ya tashi daga adireshin da ke takardunsa. Kyamarar babbar hanya ta ɗauke ta makon jiya ta nufi arewa, da mutum biyu a ciki. Har yanzu ba a same ta ba.