Tagar Bahago

Gab da magariba hadari ya haɗo, matar kafinta ta ce masa ya je ya rufe tagar ɗakin aiki. Ya tashi ya fita.

A bayan gida ɗakin yake. Shi da ɗansa Bahago suka tsara shi, suka zana shi a ƙasa da tsinke. Har musu suka yi a kan taga. Bahago ya ce a dama za a sa ta, tunda shi da hagu yake yanka, kada hannunsa ya tare masa haske.

"To ni fa?"

"Kai ka tsufa, Baba. Naka zama ne da kushe aikin mutane."

Ba a kai ga rufi ba mota ta kashe Bahago. Tsohon ya ƙarasa ginin shi kaɗai, ya sa tagar a dama. Tun daga nan bai yanka ko tsinke a ciki ba.

Yana zagawa baya ya ji ƙarar zarto. A hankali, gaba da baya. Ga ƙamshin ɗanyen katako.

Ya tura ƙofa. Mutum ne a sunkuye kan tebur, ya ba shi baya. Rigar aikin Bahago. Har tabon nan na ƙeya.

"Baba," muryar ta ce ƙasa-ƙasa, "zo ka riƙe min."

Ƙafafunsa suka kai shi. Ya kama bakin katakon, sanyi kamar an tsamo shi daga rijiya. Hawaye ya cika masa ido. Ya share, don ya ƙara ganin hannun ɗansa.

Zarton a hannun dama yake.

"Ɗana bai taɓa yanka da dama ba," ya ce.

Zarto ya tsaya.

Kan mutumin ya fara juyowa, kafaɗun ba su motsa ba.

Ƙofa ta soma rufe kanta.

Ya ambaci sunan Allah ya faɗa waje, rigarsa ta bar rabi a bakin ƙofa.

Washegari ya kafe ƙofar da ƙusoshi. Matarsa ta tambaye shi dalili, ya ce rufin ne ke yoyo.

Tagar kuwa bai rufe ta ba har yau. Da yamma yakan ja kujera ya zauna a gindin tagar, ya jingina da bango. Ya san ba ɗansa ba ne. Amma babu inda ya rage a duniya da ake ce masa Baba da wannan murya.