Waƙar Da Aka Sauke Wa Malam Elisha

Hulda tana bakin murhu tana tsinkar yakuwa, amma hankalinta na ɗakin mahaifinta, inda kawun saurayinta Irmiya ya shiga tun hantsi nema masa aurenta. Zuwa na uku ke nan cikin shekara biyu. Da baƙon ya fito yana sa takalmi bai ko dubi inda take ba, ta san amsar ba ta sake ba.

Malam Elisha mutum ne mai kafiya, Allah ya sani. Shekara talatin yana ba da waƙa a majami'arsu da ke gefen Madawa, kuma a ganinsa wanda bai rera da bakinsa ko ya kaɗa da hannunsa ba, ba ya cikin masu kiɗa. Irmiya kuwa di-je ne, mai sa kiɗa a bukukuwa daga Madawa har Buza. Tsohon ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mai danna waƙoƙin mutane yana karɓar tafi ba.

"Na gaji, Inna," in ji Hulda. "Ƙawayena duk sun tahi ɗakunansu, ni ina nan." Mahaifiyarta Salome ta ce ta yi haƙuri, kalmar da ta daɗe da gundurar yarinyar.

Ita dai ta san aikin ya wuce danne-danne. Ta sha ganin Irmiya a shagonsa, kaske, abin sauraron kiɗa, a kunne, yana haɗa kiɗan hawus, wanda bugunsa ke tafiya kamar daka. Ya taɓa bayyana mata cewa kafin waƙa ta shiga cikin wata sai an daidaita saurinsu, bugu ɗari da ashirin da huɗu a minti a nan, haka a can. Sannan a duba mazaunin muryarsu, don in ba su jitu ba kunne zai ji tsami, ko da mai rawa bai san dalili ba. Yakan ɓata awa guda kan mahaɗa ɗaya.

Ana haka mai kaɗa piyanon majami'a ya samu aiki a Yamai, ya bar musu kiɗan waƙoƙin a kile, ɗan abin ajiyar da ake soka wa na'ura. Daidai da muryar matasa ya ɗauke shi, sama kuma da sauri. Lahadin farko Malam Elisha ya miƙe, kiɗa ya wuce ya bar shi a baya. Ya kai inda murya ke hawa, ta tsage. 'Yan matan baya suka rufe baki da mayafi. Ranar bai ci tuwo ba, ya ce wa Salome bayan bikin godiyar kaka zai ajiye ba da waƙa.

Mako na biye fasto ya roƙi Irmiya ya riƙa kula da sono, wato na'urorin sauti, tunda shi ya san kan wayoyin. Ya zauna a lungu da ordinaterinsa, kwamfutar da yake haɗa kiɗa da ita. Aka sa kiɗa, tsohon ya shiga daidai, ya hau ya sauko ba gargada. Ya dawo gida yana yabon zuma da citta, wai su suka gyara masa maƙogwaro.

Hulda ba yarinya ba ce, ta gane an taɓa kiɗan. Ta tare Irmiya, ya amsa cewa ya rage saurin daga ɗari da goma sha biyu zuwa casa'in da takwas, ya sauke waƙar mataki biyu zuwa inda muryar tsohon ke zaune. Murna ta kama ta, ta ce yau Baba zai san ko wane ne Irmiya.

"A'a, Hulda. Shina murna muryarshi ta dawo. In kin gaya mishi, kin amshe mishi ita."

"To mu hwa? Mu tsuhwa muna jira?"

Shi ma gajiyar ce a fuskarsa. Ta tafi tana kuka, mako biyu ba ta ɗauki kiransa ba. Haushinsa take ji, tana kuma ƙara sonsa, abin da ya fi komai gajiyar da ita. Amma bakinta ta kama.

Lahadi bakwai aka yi haka. Wata la'asar Malam Elisha ya ce bari ya yi bitar waƙar godiyar kaka a gida, ya sa kilen a rediyonsa. Kiɗa ya gudu ya bar shi. Ya sake, murya ta tsage. Sau uku yana gwadawa, sannan ya kashe rediyon ya kira 'yarsa.

"Wanga ba shi ne kiɗan da nika bi ran Lahadi ba. Wa yat taɓa shi?"

Hawaye suka riga ta magana. Ta faɗi duka, har da cewa shi ya hana a faɗa.

"Yaron da na kora har sau ukku," in ji tsohon a hankali. "Shina da abin da zai saye ni da shi, bai hiddo ba." Ya share ido da bakin riga. "Gaya mishi kawunshi shi dawo ran Asabar. Kuma kada shi maida waƙar sama."

Bayan kaka aka ɗaura auren, Malam Elisha ya ba da waƙa da kansa. Ku 'yan mata masu gajiya da jira, ku duba da kyau: saurayin da ya rufa wa mahaifinki asiri alhali shi ke hana shi ke, ya cancanci a yi masa haƙuri.