Ɓarawon Katafilar Kaoje

Sufeto Bunyaminu ya ga sata iri-iri a zamansa na Bagudo. Ya ga an saci shanu, an saci jirgin masunta, har ƙyauren masallaci ya taɓa ganin an ɓalle an yi gaba da shi. Amma ranar Juma'ar da wani dogon mutum ya faɗo ofishinsa da la'asar yana haki, ya ce an sace katafila, sai da ya ajiye goron da zai kai baki.

"Katafila? Wadda ke ture tudu?"

"Ita fa, yallaɓai. Da ita da tirelar da ke ɗauke da ita."

Sunan mutumin Ma'azu. Aikinsa ya hau can ƙololuwar kaya da doguwar gora, yana ɗaga wayar tangarahu da rassan itatuwa don katafilar ta wuce.

Shekara guda ke nan da samun mulkin kai. Gwamnati ta sayo katafilar daga Turai, jirgin ruwa ya sauke ta a Kwatano ta ƙasar Dahomi, tirela ta jawo ta da tafiyar hawainiya har kan iyaka a Tsamiya. A nan direban Dahomi ya miƙa makulli ga direban Nijeriya, Gidaɗo ɗan Kaoje, sannan ya juya ya koma Dahomi. Jinga za a tayar da ita a bakin fadamar Kaoje, ta tare ruwan Kwara da ke cinye musu shinkafa kusan kowace shekara.

"Wa ke gadinta?" in ji Sufeto.

"Gadi? Yallaɓai, wa zai saci abin da ya ɗara ɗaki girma? Duk masallaci munka tai. Muna hitowa munka iske hili."

"Direban fa?"

"'Yan dokan hakimi sun kulle shi. An ce shi na."

Da sassafe Sufeto da Kofur Ango suka ɗora Landiroba a jirgin fito. Kwara ta yi jajir, ta fara lasar gindin itatuwan gaɓa. Mai fito ya ce in aka yi ruwan sama biyu masu ƙarfi, shinkafar bana sai dai labari.

Suna shiga Kaoje, wani mai keke ya ɓullo daga kwana. Maimakon ya riƙe hagunsa kamar yadda kowa ke yi a Nijeriya a wancan zamani, sai ya karkato dama, ya nufo hancin mota. Kofur Ango ya danna burki, ya leƙo ta taga.

"Kai malam! In mutuwa kake nema, ga kogi can, kada ka shafa mana!"

Mai keken ya ɗaga hannu yana ba da haƙuri, ya wuce.

A bayan gari, inda aka ajiye tirelar, Sufeto ya tsaya yana kallon sama. Wayar tangarahu ta tsinke, tana reto. Wani reshen maɗaci kuma ya karye ya faɗo kan hanya.

"Wannan ya wanke Ma'azu," in ji shi. "Da yana saman kaya da gorarsa, da wayar nan ba ta tsinke ba. Ɓarawonmu shi kaɗai ne."

Suka nufi gidan 'yan doka. Gidaɗo na zaune a ƙasa, ƙato mai faɗin kafaɗa, idanunsa sun yi ja. A bakin ƙofa wani tsoho na tsugune da tasbaha. Aka ce Malam Usuman ne, ladanin gari, mahaifin Gidaɗo.

"Ina kake lokacin sallar Juma'a?" in ji Sufeto.

"Masallaci, yallaɓai."

"Wane sahu?"

Gidaɗo ya saci kallon ƙofa. "Na... na baya."

"Makullin mota fa?"

"Shina aljihun kwat ɗina na aiki. Kwat ɗin kuma ban gan shi ba."

Sufeto ya fito wurin tsohon. "Baba, ka ga ɗanka a masallaci?"

Tsohon ya ja tasbaharsa. "Ɗana, da bakin ga nike kiran salla, ba ni yin ƙarya da shi. Na duba sahu-sahu, ban gane shi ba. Shi yar roƙi a ba shi aikin ga, wai shi zai kawo ma garinsu abin da zai tare ruwa. Gari duk ya hito tarbonai. Yau ga shi, ko kasuwa ban iya ratsawa."

Tausayinsa ya kama Sufeto, amma tausayi ba ya buɗe kurkuku. In aka tabbatar da satar nan a kan Gidaɗo, zai tsufa a gidan yari.

Saura mutum na uku a tawagar, Lauwali, tafintan kamfanin da ya yi jigilar. Shi ya rako kayan tun daga Kwatano, don yana jin Faransanci. Da aka kirawo shi, ashe mai keken nan ne. Ya shigo fes da shi cikin farar riga, sai dai yana ɗan ɗingishi.

"Me ya sami ƙafar?"

"Keke ya kayar da ni, yallaɓai. Ka dai ga yadda nake hawansa."

"Wa kake zargi?"

Lauwali ya yi ajiyar zuciya. "Ba na son in ɓata mutum. Amma a Tsamiya na ga Gidaɗo yana ƙus-ƙus da waɗansu mutanen hayi, 'yan ƙetaren iyaka."

"Kai ka iya tuƙi?"

Ya yi dariya. "Ni? Alƙalami ne sitiyarina. Ban taɓa riƙa kan mota ba."

Bin sawun tirela ba ya bukatar boka. Tayoyinta sun huda hanyar Tsamiya kamar an yi huɗar dawa. Ba su yi nisa can ba, bayan wata kwana mai duhuwar itatuwa, sai ga ta. Ta zurma cikin taɓo ta gefen dama, ta karkace, katafilar na bisa ɗaure da sarƙoƙinta, ko ƙwarzane babu. Makulli na jiki, kwat ɗin Gidaɗo da hularsa suna kan kujera.

"Magana ta ƙare," in ji Kofur Ango. "Ga riga, ga hula."

"Kofur, in kai ka yi sata, za ka bar wa 'yan sanda rigarka?"

Kafin ya amsa, wata murya ta taso daga bayan tirelar. "Ku ne hukuma? To, wa zai biya ni kihina?"

Wata dattijuwa ce, ta ci ɗamara, tana tsintar busasshen kifi cikin ciyawa, jakuna biyu na kiwo a gefenta. Ta ce sunanta Dela, a nan ta kwana tana gadin kayanta, fataucin kifi take yi a kan hanyar nan tun tana da goyon fari.

"Inna, gaya mini abin da ya faru."

"Ina tahe zan shiga Kaoje, na ji ƙugi awa aradu. Na kore jakkaina hagu, yadda masu lori sunka koya muna. Kowace mota in ta gan ka, sai ta bi nata hagun, ku wuce lahiya. Wagga ko, la'ananniya, sai ta biyo ni! Na ƙara matsawa, ta ƙara biyo ni. Allah dai ya sa taɓo ya riƙe ta."

"Kin ga direban?"

"Ya naɗe huska da ƙyalle. Ya tuɓe kwat ya diro, ya sauko da wani keke daga bayan motar. Garin sauri ya bi ta bayan Duna." Ta nuna baƙin jakin. "Duna ko ba a bi mai ta baya. Ya ɗauke shi da kofato ga cinya, sai da yac ce wayyo da wani yare."

Sufeto ya tsuguna. Ga siririn sawun keke nan ya fita daga taɓon, ya koma Kaoje. Ya miƙe ya dubi kwanar, ya dubi gefen da tirelar ta faɗa, ya yi murmushi.

"Kofur, a Nijeriya wane hannu muke bi?"

"Hagu mana."

"A Dahomi fa?"

Kofur Ango ya dafe kai. "Dama, yallaɓai!"

Da suka koma, Sufeto ya sa aka fito da Gidaɗo tsakar gida, a gaban mahaifinsa.

"Ka sha kwana da kaya, sai ga jakuna a gabanka. Ina za ka?"

Tun bai buɗe baki ba hannayensa suka murɗa iska zuwa hagu.

"Madalla. Yanzu bar ƙarya. Ba ka je masallaci ba."

Gidaɗo ya sunkuyar da kai. "Barci, yallaɓai. Tun daga Tsamiya ban runtsa ba, kowane kwalbati sai mun sauka mun shimfiɗa katako. Na shiga zauren goggona Tasallah in ɗan miƙe kahin kiran salla, na rataye kwat ga ƙusa. Ban farka ba sai da anka sallame. Ɗan ladan, ranar Juma'a, garinsu! Da wane baki zan faɗi haka gaban baba?"

"Sai ka zaɓi kurkuku? Kai, Allah shi shirye ka. Wa ya san kana can?"

"Lauwali ya raka ni. Shi yac ce in kwanta, zai tashe ni."

Aka aika a kira Tasallah, ta zo tana faɗa tun daga ƙofa. Ta ce minsharinsa har ya hana kajinta sakewa, kuma da an tambayi tsofaffi tun jiya da ba a kai haka ba. Aka kuma kirawo Lauwali.

"Malam Lauwali, ɗazu da motata ta ɓullo maka, wane hannu ka bi?"

"Ruɗewa ce, yallaɓai."

"Ita nake nufi. Mutum in ya ruɗe, hannunsa gidan da ya koyi aiki yake komawa. Wanda ya saci tirelar nan ya ruɗe, ya yi dama. Ɗage wandonka mu ga inda keke ya kayar da kai."

"Yallaɓai, wannan cin mutunci ne!"

"Kofur, taimake shi."

Ba a kai ga haka ba, ya ɗage da kansa. A cinyarsa ga shatin kofaton jaki nan, ya kumbura ya yi baƙi. Dela, wadda ta biyo su don zancen kifinta, ta rangaɗa guɗa.

"Hatimin Duna ke nan! Ko gaban alƙali na shaida shi!"

Lauwali ya zauna a ƙasa, farar rigar ta sha ƙura. Ya ce ya yi shekaru yana tuƙa manyan motocin sojan Faransa kafin ya koma tafinta. Wani ɗan kwangila a hayi ne ya yi masa alkawarin abin da zai ishe shi har tsufa, in ya mayar da katafilar ta tsallake iyaka. Ya zaɓi Juma'a don gari ba kowa, ya sa kwat ɗin Gidaɗo don ko an hango shi a ce direba ne.

"Ka san shinkafar gari guda ka ɗauka?" in ji Sufeto.

Lauwali ya miƙa hannuwansa. Kofur Ango ya sa masa ankwa.

Gidaɗo ya rarrafa gaban mahaifinsa. "Baba, na kunyata ka."

Tsohon ya ɗora masa hannu a ka, hawaye na bin gemunsa. "Barci ba sata ba ne, ɗana. Tashi ka rama sallarka, ka tai ka ɗauko muna abinmu. Ruwa ba ya jiran kowa."

Kafin azahar rabin Kaoje na bakin kwanar nan da igiyoyi da katako. Gidaɗo ya sauko da katafilar, ya sa ta ta ciro tirelar da ta goyo ta daga taɓo. Da suka sake ɗaure ta, Ma'azu ya haye sama da gorarsa, mata na guɗa, hadari na haɗuwa a gabas.

A mararrabar fadama Landirobar Sufeto ta yi kiciɓis da su, Lauwali na baya da ankwa. Hanyar ƙarama ce. Gidaɗo ya murɗa kan tirelar zuwa hagu, Kofur Ango ya riƙe nasa hagun, suka gifta juna lafiya lau.

Sufeto ya waiwayo ya dubi fursunansa.

"Ka gani? Da haka ka yi wa jakunan Inna Dela, da yanzu kana Dahomi."